Tirwun: Tarihin ƙauyen Gerawa da aka haifi Malam Yakubu, wanda ya kafa Bauchi

Tirwun, wadda wasu ke rubutawa Turwun, tsohon ƙauye ne na Gerawa da ke arewa maso gabashin birnin Bauchi, a cikin Ƙaramar Hukumar Bauchi, kusa da hanyar da ta nufi Darazo da Potiskum har zuwa Maiduguri. Ƙauyen ya girmi birnin da yake maƙwabtaka da shi. A nan ne, kamar yadda tarihin masarautar ya nuna, aka haifi Malam Yakubu ɗan Dadi wajen shekarar 1753, wato almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya karɓi tuta, ya kafa birnin Bauchi, ya kuma zama sarkinta na farko.

A tsarin Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, sunan ƙauyen yana cikin sunan ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar, wato Kangyare/Turwun. A tsarin gargajiya kuwa yana ƙarƙashin Masarautar Bauchi. Abin da ya fi bayyana a tarihinsa na baya-bayan nan shi ne yadda birnin da ɗansa ya kafa ya faɗaɗa har ya iso bakin gonakinsa, da kuma yadda harshen Hausa ya mamaye gurbin harshen Gera a bakin matasa.

Wuri da yanayin ƙasa

Ƙasar da Tirwun take a kai fili ce mai tudu da kwari, wadda manyan duwatsu suka tsaya jefi-jefi a cikinta, kamar yadda ake gani a ko'ina a kewayen Bauchi. Mafi shahara a tarihin yankin su ne duwatsun Warinje. Irin waɗannan duwatsu sun yi wa mutanen da amfani ta fuskar tsaro, domin ƙauyuka da yawa sun zauna ne a gindinsu ko a kansu, inda mayaƙan doki ba sa iya kai hari cikin sauƙi.

Damina tana farawa ne a watan Mayu, ta kai ƙarfinta a Agusta, ta janye a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ruwan da yankin Bauchi yake samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, wanda ya ɗara na Kano da Katsina. Wannan ne ya sa gero da dawa da masara da gyaɗa da wake duk suke yi a wuri guda, a kuma noma shinkafa a fadamu. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya su ne itatuwan da manoma suka saba bari a tsaye a cikin gona, saboda kalwa da man kaɗe da miya da kunu da ake samu daga gare su.

Tazarar da ke tsakanin ƙauyen da tsakiyar birni 'yan kilomitoci ce. Wanda ya taso daga Gwallaga, a kan titin Murtala Muhammad, ya nufi hanyar Maiduguri, da wuya a yau ya iya nuna takamaiman inda birni ya ƙare da inda karkara ta fara.

Su wane ne Gerawa?

Gerawa suna daga cikin al'ummomin da suka daɗe a ƙasar Bauchi tun kafin jihadi. Ana samun su galibi a ƙananan hukumomin Bauchi da Ganjuwa da Darazo. Kamar al'ummomi da dama na wannan yanki, tarihin baka na Gerawa yana cewa kakanninsu daga gabas suka zo, suna yada zango har suka iso inda suke. Tirwun da Gilliri suna cikin tsofaffin matsugunansu da aka fi ambata.

Kafin 1804 babu wata babbar daula guda da ta haɗa yankin. Gerawa da Gerumawa da Jarawa da Bolawa da Zarawa da sauransu kowa yana zaune a ƙarƙashin shugabanninsa, ga kuma Fulani makiyaya da malamansu a tsakaninsu, ga fatake Hausawa da Barebari suna ratsawa. Ta hannun waɗannan malamai da fatake ne Musulunci ya shiga wasu gidaje, tun kafin a kafa masarauta. Gidan Dadi, mahaifin Yakubu, yana cikin gidajen Gerawa da suka riga suka musulunta.

Sanannen mutum na biyu da ake dangantawa da wannan al'umma shi ne Firaministan Nijeriya na farko, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne. Kabarin Firaministan yana cikin birnin Bauchi.

Yakubu ɗan Dadi: daga Tirwun zuwa Ɗegel

Tarihin ƙauyen da na Malam Yakubu a ɗaure suke. Tun yana yaro mahaifinsa ya danƙa shi a hannun wani malami Bafulatani mai suna Malam Isiyaku domin ya yi karatu. Ta hanyar wannan malami ne Yakubu ya isa Ɗegel, a ƙasar Gobir, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake karantarwa. Ya shafe shekaru a can yana ɗaukar ilimi, ya kuma samu yarda a wajen Shehu, kafin ya dawo ƙasarsu ya ci gaba da wa'azi da karantarwa.

A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, jihadi ya fara. Daga nan aka riƙa ba wa almajirai tutoci su koma yankunansu: Modibbo Adama a Fombina, Buba Yero a Gombe, Malam Zaki a Katagum, Umarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau. Yakubu ya karɓi ta ƙasar Bauchi. Masana tarihi sun saba jaddada wani abu game da wannan zaɓi: a cikin manyan masu tuta, Yakubu ne kaɗai ba Bafulatani ba, alhali akwai malamai Fulani a yankin. Ana kawo wannan a matsayin shaidar cewa ilimi da amana ne suka kai shi ga matsayin. Ya kuma taimaka masa ta wata fuskar, domin ɗan ƙasa ne da ya san duwatsu da hanyoyi da harsunan mutanen da zai yi hulɗa da su, da yaƙi ko da sulhu.

Ana lissafa sarautarsa daga 1805 zuwa rasuwarsa a 1845, shekara 40 ke nan. A cikin wannan lokaci ikon Bauchi ya faɗaɗa kudu har wajen Wase da gaɓar kogin Binuwai. An yi takun saƙa tsakaninsa da Buba Yero a kan iyakar ƙasa ta gabas. Nasararsa da aka fi tunawa ita ce ta wajen 1827, lokacin da Shehun Borno Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya tunkari Kano da runduna mai yawa, Yakubu ya tare shi a Fake, aka gwabza, rundunar Borno ta koma gida.

Me ya sa ba a kafa birnin a Tirwun ba?

Yakubu bai mayar da mahaifarsa hedikwata ba. Da farko ya zauna ne a Inkil, wani ƙauye da ke gabashin birnin na yanzu, a kan hanyar Gombe. A 1809 ya kafa sabon gari. Labarin da ya shahara a bakin mutanen Bauchi shi ne cewa wani maharbi mai suna Baushe ne ya ba shi shawarar ya gina garin a yammacin duwatsun Warinje, shi kuma ya saka masa da sanya wa garin sunansa. Wasu masana kuwa suna ganin kalmar ta girmi garin, domin Hausawa sun daɗe suna kiran ƙasashen da ke kudu da su da suna ƙasashen Bauchi.

Kafa sabon gari a fili, maimakon faɗaɗa tsohon ƙauye, abu ne da shugabannin jihadi da dama suka yi. Sakkwato kanta a 1809 Muhammadu Bello ya gina ta, Yola kuma a 1841. Sabon gari yana ba shugaba damar zaunar da jama'a daban-daban ba tare da wani dangi ya ce ƙasar kakanninsa ce ba, ya shata unguwanni da masallaci da kasuwa yadda yake so, ya kuma zagaye su da ganuwa. Ganuwar Bauchi ta kai kimanin kilomita 10 da rabi a kewaye.

A jikin wannan ganuwa ne sunan ƙauyen ya samu wurin zama na dindindin. Al'adar biranen Arewa ce a sanya wa ƙofa sunan garin da hanyarta ta nufa, don haka a cikin ƙofofin Bauchi akwai Ƙofar Tirwun da Ƙofar Inkil, tare da Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Jahun da Ƙofar Wambai da Ƙofar Dumi da Ƙofar Wase. Ganuwar ta zube a wurare da yawa, amma sunayen suna nan a matsayin sunayen unguwanni da mararraba.

Sunan Yakubu ya bi garin har Turai. Matafiyan Jamus biyu da suka ziyarce shi, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, da sunan Yakoba suka san shi. Har gobe ana yi wa garin kirari da Bauchin Yakubu. Duk sarakunan da suka biyo baya daga zuriyarsa suke, tun daga ɗansa Ibrahim, wanda ya yi sarauta daga 1845 zuwa 1877, har zuwa sarki na 11, Alhaji Rilwanu Sulaiman Adamu, wanda ya hau gado a 2010.

Zaman ƙauye a gindin birni

Tun daga 1809 rayuwar Tirwun ta rataya ne a kan kusancinta da birni. A ƙarni na 19 wannan kusanci kariya ne. Bayan rasuwar Yakubu masarautar ta sha fama da hare-haren Ningawa daga arewa maso yamma, har fada ta taɓa komawa Rauta na wani lokaci. A irin wannan zamani ƙauyen da mutanensa za su iya shiga ganuwa cikin ɗan lokaci ya fi na nesa kwanciyar hankali. Kusancin kasuwa ne kuma: hatsi da itace da ciyawar doki da kaji daga ƙauyukan kewaye suke shiga birni.

A watan Fabrairun 1902 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Bauchi, aka sauke Sarki Umaru. Turawa suka bar tsarin sarauta yadda yake, suka ɗora masa aikin karɓar haraji da jangali a ƙarƙashin En'e. Tsanin da aka gada daga wancan lokaci shi ne wanda ƙauyukan masarautar suke kai har yau: mai unguwa, sai dagaci ko sarkin gari, sai hakimi, sai Mai Martaba Sarki. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon gudanarwa daga hannun En'e ya miƙa shi ga majalisun ƙananan hukumomi. Duk da haka masu sarautar ƙauye ne mutane suke fara kai wa ƙarar rikicin iyakar gona da na aure da na gado, su ne kuma ake nema su shaida cinikin fili.

Noma shi ne ginshiƙin rayuwa a ƙauyukan wannan yanki, kuma shekara tana tafiya ne bisa kalandarsa. Da bazara ake sharar gona da kai taki. Ruwa na sauka a yi shuka, sai noman fari, sai maimai. Gero ne yake fara nuna, shi ne yake fitar da gida daga ƙuncin tsakiyar damina, sannan gyaɗa da masara, dawa kuma sai sanyi ya fara shigowa. Bayan girbi shanun Fulani sukan shiga gona su ci kara su bar taki, tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin manomi da makiyayi. Mata suna da nasu fannin: daddawa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kiwon awaki da kaji. Abin da ya ragu bayan an cika rumbu yakan tafi kasuwannin birni irin su Muda Lawal da Wunti.

A wajen zamantakewa, gida babba mai sassa da yawa, inda uba da 'ya'yansa maza da iyalansu suke zaune suna noma gandu ɗaya, shi ne tsohon tsari. Gayya tana rage wa mai rauni nauyin aiki. Masallaci da makarantar allo da ta Islamiyya su ne cibiyar haɗuwar jama'a, suna da ɗaurin aure da jana'iza kuma kan tara dangi daga birni da sauran ƙauyukan Gerawa.

Birni ya iso

Sauyin da ya fi girma ya faro ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Bauchi daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, garin ya zama babban birnin jiha. Ma'aikatu da gidajen ma'aikata suka biyo baya, sai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, sai jami'ar fasaha ta tarayya a 1980, wadda ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 493,810 a Ƙaramar Hukumar Bauchi. Wuraren da a da ake kira ƙauyuka, irin su Yelwa da Gwallameji da Wuntin Dada da Miri da Inkil, ko dai sun zama unguwanni ko kuma gine-gine sun haɗe su da birni. Tirwun tana cikin wannan sahu.

Hanyar da gona take zama unguwa sananniya ce a duk kewayen Bauchi. Mai gona ya rasu, a raba gado, kowane magaji ya samu ɗan yankin da ba zai ciyar da iyali ba. Dillali ya zo da mai saye daga birni, a yanka gonar filoti-filoti, galibi ƙafa 50 da 100, a rubuta takardar ciniki a gaban shaidu. Kuɗin filoti ɗaya yakan fi abin da wannan yanki zai bayar na hatsi a shekaru da yawa, don haka mai buƙatar aurar da 'ya ko biyan kuɗin asibiti ko sayen babur ɗin haya da wuya ya ƙi. Amma kuɗi yana ƙarewa, gona kuwa ba ta dawowa. Wanda ya sayar sai ya nemi aron gona a nesa, ko ya koma leburanci da gini da acaɓa da ƙaramin ciniki.

Doka ma tana da nata tasiri. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da aka ayyana a matsayin na birni gwamna ne yake ba da shaidar mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin zama na gargajiya. Idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka manomin da ya gaji gona daga kakanni, ba shi da takarda, shi ne ya fi kowa rauni idan iyakar birni ta iso gare shi.

Kusancin yana da amfaninsa. Asibiti da makarantun gaba da firamare da aikin albashi da kasuwa duk suna kusa, abin da ƙauyukan nesa suke nema ruwa a jallo. Baƙin da suka sayi filaye sun kawo shaguna da makarantu masu zaman kansu da sababbin sana'o'i. Bulo da kwano sun maye gurbin jar ƙasa da ciyawa a mafi yawan sababbin gidaje.

Harshen Gera

Gera harshe ne na iyalin Cadi, wato dangi ɗaya da Hausa, amma daga reshen da masana ke kira Bole-Tangale, tare da Bolanci da Karekare da Ngamo da Geruma da Galambu da harshen Kirfi. Dangantakar ta nesa ce, Bahaushe ba zai fahimci Gera ba sai ya koya. Masanin harsuna ɗan Amurka, Russell Schuh, ya wallafa nazari a kan harsunan wannan reshe na yankin Bauchi a 1978, har da Gera.

Masarautar da Bageri ya kafa ba da harshen Gera ta gudana ba. Larabci ne harshen wasiƙa da shari'a, Hausa kuma ta zama harshen fada da kasuwa da wa'azi, domin ita ce ta haɗa jama'ar da aka tara a sabon birni. Gerawan da suka fi kusa da fada da birni su ne suka fi saurin rungumar ta. Turawa suka ƙarfafa ta a matsayin harshen En'e da makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsu, a Bauchi kuwa wannan na nufin Hausa. Rediyo da auratayya da zuwan baƙi suka ƙara nasu.

Sauyin yakan ɗauki zuriya uku: kakanni suna magana da Gera da Hausa, iyaye suna jin Gera amma da Hausa suke amsawa, jikoki kuma gaisuwa da 'yan kalmomi kawai suka sani. Mutum yana iya cewa shi Bageri ne ta asali alhali bai iya harshen ba. Jihar Bauchi ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya a wasu wurare. Harshen Ajawa ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 bayan masu shi sun koma Hausa, haka ma harshen Kubi na yankin Ganjuwa, wanda ɗan'uwan Gera ne na kusa. Gera bai kai wannan matsayi ba, har yanzu akwai masu magana da shi, musamman a ƙauyukan da ke nesa da birni. Abin da yakan tafi tare da harshe ya haɗa da sunayen duwatsu da rafuka da gonaki, da jerin sunayen kakanni, da tarihin baka wanda ba a rubuta ba.

Matsayinta a yau

Tirwun tana tsakanin hali biyu: ba ta gama zama unguwar birni ba, ba ta kuma zauna a matsayin ƙauyen noma zalla ba. Sunanta yana nan a ƙofar birni, da cikin jerin mazaɓu, da cikin littattafan tarihin Daular Usmaniyya a duk inda aka ambaci asalin Yakubu. Hausawa na cewa tushiya mafarin dawa. Abubuwa uku ne za su nuna yadda ƙauyen zai kasance nan da zuriya guda: yawan gonar da ta rage a hannun 'yan asalin wurin, ko an rubuta tarihin da ke bakin dattawa tun suna raye, da kuma ko yaran Gerawa za su ci gaba da jin harshen a gida.